Ni Kaɗai Na Ji Wasiyyar Mijina Kan Sassan Jikinsa

A lokacin da abin nan ya same ni, ni matar aure ce mai 'ya'ya uku, muna haya a wani bene a unguwar Aziziyya a nan Jidda, ina koya wa yaran maƙwabta karatun Alƙur'ani a falona da yamma. A garin nan aka haife ni, a nan aka haifi mahaifiyata. Kakanninmu ne suka zo aikin Hajji daga ƙasar Hausa, suka zauna. Hausata ta cikin gida ce, in raina ya ɓaci Larabci ke riga ta fitowa. Mijina kuwa mutumin Damagaram ne, da ƙuruciyarsa ya zo, yana tuƙa motar wani kamfani mai raba kayan sanyi. Iƙamarsa, wato takardar izinin zama, lafiya lau, kafilinsa da ya tsaya masa a ƙasar bai taɓa kuka da shi ba. Na rubuto muku ne don na san akwai matan da wata rana za su tsinci kansu inda na tsaya, kuma ba na so su isa wurin ba shiri kamar yadda na isa.

Muna da wani maƙwabci dattijo ɗan Chadi wanda ciwon ƙoda ya kama. Duk ranar da mijina ba shi da aikin safe, shi ke kai shi asibiti wankin ƙoda, ya zauna ya jira shi har a gama. In ya dawo sai ya yi ta ba ni labarin abin da ya gani, har da samari da 'yan mata da aka hana su shan ruwa sai ɗan kaɗan a cikin zafin Jidda. Dattijon nan ya rasu yana jiran a samu ƙodar da za a dasa masa. Ba a daɗe ba, wata Juma'a muna cin abincin rana, mijina ya ce mini ya yi rajista ta waya cikin waɗanda suka yarda a ɗauki sassan jikinsu bayan sun mutu, kuma sai da ya tambayi malamai kafin ya yi. Na ce masa don Allah ya daina kira mana mutuwa a kan abinci. Ya yi dariya, ya ce ai ita ba ta jiran kira. Ya ce tunda ƙasa ce za ta cinye, gara wani bawan Allah ya samu ya sha ruwa ya ƙoshi. Na tambaye shi ko ya gaya wa Inna, wato mahaifiyarsa da ke Damagaram, da yayansa mai shagon yadi a unguwar Ammariyya nan Jidda. Ya ce irin wannan magana ba ta waya ba ce, sai ya je gida ya zauna gaban Inna, Yaya kuma mun san halinsa, gara Inna ta riga shi ji. Ni kuwa daɗi na ji da aka rufe zancen, ban sake tayar da shi ba.

Allah bai nufa ya je gidan ba. Wata safiya yana sauke kaya a wani kanti a unguwar Safa, sai ya dafe kai ya faɗi. Jijiya ce ta fashe a ƙwaƙwalwarsa. Da na isa asibiti na tarar an kwantar da shi a ɗakin kulawa ta musamman, na'ura ce ke yi masa numfashi. Likitoci suka gwada shi, wasu daban suka sake gwadawa bayan wani lokaci, sannan suka zaunar da ni da Yaya suka ce ƙwaƙwalwarsa ta mutu gaba ɗaya, ba ta dawowa. Wanda bai gani ba ba zai gane wuyar wannan magana ba. Ka riƙe hannun mutum da ɗuminsa, ƙirjinsa na hawa da sauka, a ce maka ya riga ya tafi. Bayan nan wata mata daga ofishin masu kula da dashen sassan jiki ta zo. Ta fara yi mana ta'aziyya, sannan ta ce sunansa na cikin waɗanda suka yi rajista, amma duk da haka ba za a taɓa shi ba sai danginsa na kusa sun amince. Ta ce ba tilas, in mun ce a'a, halas, magana ta ƙare. Abin da kawai ta roƙa shi ne kada mu ja lokaci, don jikin da ke kan na'ura ba ya daɗewa sassansa ke fara lalacewa.

Yaya ya miƙe tsaye. Ya ce yaya za a yi mutum na numfashi a ce ya mutu. Ya ce mu Takari da ranmu ba mai ganinmu a ƙasar nan, sai mun faɗi za a tuna muna da ƙoda. Ya ce ƙaninsa bai taɓa gaya masa wannan magana ba, waya kuwa kowa na iya ɗauka ya latsa. Yana faɗin haka yana kallona, na kuma gane inda ya dosa. Na ce masa, Yaya, da bakinsa ya faɗa mini. Ya tambaye ni wa ya shaida. Ba ni da shaida sai Allah, don yaran da ke wurin ranar ba su kai sanin abin da ake faɗa ba. Kafin la'asar magana ta zaga cikin matan garinsu cewa 'yar Jidda ta ɗauki ɗabi'ar Larabawa, za ta sayar da mijinta tun bai huce ba. Mahaifiyata da kanta ta ja ni gefe ta ce in saki maganar nan, in duba marayun da zan rena, waɗanda ba su da wani uba yanzu sai wannan Yayan da nake ja da shi. Ban ga laifinta ba, kuma na auna maganarta sosai. Amma duk ta inda na juya, abu ɗaya nake gani: mutumin nan ya ba ni amana, ba shi da bakin magana yanzu sai nawa. In na yi shiru, na binne wasiyyarsa tare da shi.

Ban yi musu da Yaya ba, don na san zafin rashi ne ke magana a bakinsa. Washegari na same shi na roƙe shi abu biyu: ya kawo malamin da shi da kansa ya yarda da shi, kuma a kira Inna, duk abin da ta yanke na bi. Ya kawo wani malami mutumin ƙasarsu da ke limanci a wani ƙaramin masallaci. Malamin bai ɓoye komai ba. Ya ce malamai sun yi saɓani a kan mas'alar, amma manyan malaman ƙasar nan sun halatta in an tabbatar da mutuwa, mamacin ko danginsa sun yarda, kuma ba ciniki ba ne. Ya ce shi ba zai yanke mana ba, hukuncin na iyali ne. Bayan azahar aka kira wayar ƙanwar mijina, ta riƙe wa Inna muna ganinta tana ganinmu. Abin da ta fara tambaya shi ne ko ɗanta na jin zafi. Aka ce mata a'a. Ta tambaya ko za a yi masa wanka da likkafani da salla kamar kowane Musulmi. Aka ce ƙwarai. Ta tambayi malam yadda zai tashi ranar ƙiyama in an cire masa wani abu. Malam ya ce wanda zai tayar da ƙasusuwan da suka rududduge, haɗa ƙoda ba zai gagare shi ba.

Sai Inna ta ce kowa ya yi shiru, a ba ni wayar. Ta kira ni 'yata, ta ce ba rantsuwa take so ba, in faɗa mata yadda ya faɗa, da kalmominsa. Na faɗa mata duka, har da yadda na kwaɓe shi, da dariyar da ya yi, da zancen bawan Allah ya sha ruwa ya ƙoshi. Ta rufe fuska da mayafi ta yi kuka mai tsawo. Da ta buɗe ta ce wannan bakin ɗanta ne, ba wanda zai iya ƙaga shi. Ta ce ta yarda a ɗauki ƙoda da hanta, amma zuciya da idanu a bar mata ɗanta da abinsa. Na san shi duka ya bayar, har na buɗe baki, sai na tuna uwa ce ta ba da abin da take iya bayarwa, na rufe. Matar ofishin nan ta ce iyakar da iyali suka sa ita za a bi, ba ƙari. Yaya ya sa hannu don ba ya iya ƙetare maganar mahaifiyarsa, ni ma na sa, ya fita bai dube ni ba.

An yi aikin, aka ba mu gawarsa. Waɗanda suka yi masa wanka sun ce an ɗinke shi tsaf, ba abin da zai ɗaga wa mutum hankali. Aka kai shi Makka aka yi masa salla a Harami. Zaman takabata kuwa na sha magana. Akwai matan da suka zo gaisuwa suna ƙare wa ɗakina kallo ko za su ga sabon abu. Ɗan abin da hukuma ke ba iyalin wanda ya ba da sassansa na ce kada ya ratsa hannuna, a bar shi tsakanin Yaya da Inna, amma hakan bai rufe bakin kowa ba. Daga baya asibiti suka kira ni suka ce mutum uku ne suka amfana, kuma dashen ya karɓe su. Ba su faɗi sunayensu ba, ni ma ban tambaya ko 'yan ƙasa ne ko baƙi ba. Yaya ya daɗe bai tako gidana ba, sai dai ya yi wa yara aike. Sai da wata Salla ta zo ya zo ɗaukarsu da kansa. A bakin ƙofa ya tsaya, kansa a ƙasa, ya ce mini ba aikin da aka yi ne ya fi ƙona masa rai ba. Shi ya kawo mijina ƙasar nan, a ɗakinsa ya fara kwana, amma sai a bakin wata baƙuwa a asibiti ya ji abin da ƙaninsa ya ƙudurta. Daga ranar muka koma gaisawa, ko da yake har yau ba mu sake taɓa zancen ba.

Ban taɓa nadamar tsayawa kan maganar mijina ba, ko yau aka maimaita haka zan yi. Abin da ke ci mini rai shi ne ranar da ya buɗe zancen na rufe masa baki, na kuma ji daɗin da bai kai shi gaba ba. Da na matsa masa ya kira Inna, ya taka zuwa Ammariyya ya zauna da Yaya, da sun yi faɗansu sun gama yana raye, yana iya kare kansa. Na gane cewa rajistar waya ba ta lallashin uwa, ba ta kuma amsa tambayar ɗan'uwa. Don haka nake kira ga duk mai karanta wannan, musamman mu da ke zaune nesa da gida, rabin dangi a nan rabi a can: in kun yarda a ɗauki sassan jikinku, ku faɗa da bakinku gaban iyayenku da 'yan'uwanku. In ba ku yarda ba, shi ma ku faɗa, haƙƙinku ne. Ku kuma dangi, in mace ta kawo muku wasiyyar mijinta a irin wannan rana, ku bincika kafin ku zarge ta, don ita ma rashin ta yi. Ni dai na tara mahaifiyata da 'yan'uwana da babbar 'yata na gaya musu nawa ra'ayin, suna so ba sa so sun ji. Kada ku bar wa mutum ɗaya nauyin maganar da ya kamata gida duka ya ji daga bakinku.