Ranar da Kawu Garba Ya Hau Keken Ɗinki

Duk wanda ya zauna da Kawu Garba ya san ba ya fara magana sai ya dubi agogon hannunsa, ya gyara murya, ya ƙwanƙwasa abin da ke gabansa sau biyu da yatsa. Ko mu biyu ne a ɗaki, "jama'a masu sauraro" zai ce. Ya daɗe yana aikin rediyo a gida kafin ya zo Jidda ya kama aikin tafinta a wani sito kusa da tashar jiragen ruwa, amma rediyon bai taɓa sakinsa ba. Ƙanin mahaifiyata ne, kuma a ɗakin ƙasa na gidan da muke haya a unguwar Sa'alaba ya ƙare rayuwarsa. Kun ce in rubuta abin da na tuna, to ga shi. Ni dai na san ba don taurin kansa ba, da keken ɗinkin da ke ciyar da gidanmu ya tafi, mu ma mun bi shi.

Dokarsa ɗaya ce: ba ya karɓar labari sai daga majiya biyu. Wata shekara aka yi ruwan nan na Jidda mai zuwa ba sallama, na sauko da gudu.

"Kawu, ruwa ya shigo layinmu!"

"Wa ya ce?"

"Ni na gani ta taga!"

"Majiya ɗaya ke nan, Uwani. Za mu ci gaba da bibiya."

Ina tsaye takalminsa ya taso daga bakin ƙofa, ya zo ya wuce ta gabanmu a kan ruwa. Ya bi shi da kallo, ya naɗe ƙafafunsa a kan gado, ya ce, "To, an tabbatar."

Kai, Kawu!

Maigidana tela ne, shagonsa na bakin layi, kuma nan ne majalisar mutanenmu bayan la'asar. Da zaɓen shugaban ƙasa ya zo a gida, wanda aka yi kankankan ɗin nan har aka kwana ana kwana ba a sanar ba, shagon ya rabu biyu. Malam, wato maigidan nawa, yana bayan ɗan takara ɗaya, amininsa Idi direba yana bayan ɗayan. Ni nake kai musu shayi, don haka da kunnena na ji. Kawu ya naɗa kansa alƙali. Kowa minti biyu da agogo. In lokacinka ya cika, ko kana tsakiyar rantsuwa ne, sai ya ɗauke kofin shayinka ya ajiye a bayansa.

Idi ya ce, "Haba Kawu, ban kai ga hujjata ba!"

"Gaisuwa ta cinye maka rabin lokaci. Tela, bismillah."

Suka taru suka matsa masa ya faɗi nasa gwanin. Ya ce shi mai gabatarwa ne, ba shi da gwani. Da hayaniya ta yi yawa sai ya ƙwanƙwasa tebur ya ce, "Jama'a masu sauraro, duk wanda ya jefa ƙuri'a a cikinku ya ɗaga hannu." Ba hannu ko ɗaya, tun da dukansu suna nan Jidda. Ya ce, "Madalla. A ci gaba da faɗa."

Abin da ya dame shi daban ne. Ya ce ya saurari 'yan takarar duka, ba wanda ya tsaya ya yi bayani a kan mu da ke waje. Mutane, in ji shi, suna ɗauka harkokin waje shi ne hoton shugabanni biyu suna musabaha. Shi a wurinsa, kwana nawa fasfonka ke yi kafin a sabunta shi, da irin kallon da ake yi wa takardarka a bakin hanya, nan ake gane su. Kuma wanda ya ci da ƙyar, shekararsa ta farko a lallashin 'yan gida take ƙarewa, ba zai waiwayo mu da wuri ba. Ba mai son jin wannan. Idi har hamma ya yi, Kawu ya ɗauke masa kofi.

A kwana na biyu na jira ne saƙon muryar nan ya zagayo wayoyi. Wani mai zaƙin murya ya ce gwanin Malam ya riga ya ci, har ya daidaita da hukumomin nan: duk wanda ya koma gida cikin mako guda, jirgi kyauta, kuma shago da jari suna jiransa. Lokacin Malam ya gaji, shi da kafilinsa, ɗan ƙasar da ya tsaya masa a takardun zama, ba sa jituwa. Ya shigo ya ce mini, "Halas, magana ta ƙare, ki fara ɗaure kaya." Zai sayar da keke, ya nemi kafili ya buga masa fita ta dindindin. Kun san in aka buga ta, iƙama, takardar izinin zama, ta tafi ke nan. Yara uku suna tsakiyar shekarar karatu, ƙaramar ma Hausarta sai a hankali. Na yi magana sau ɗaya, na ga ransa ya ɓaci, na ƙyale shi. Da ya fita na sauka wajen Kawu na kunna masa saƙon.

Ya saurara har ƙarshe ido a rufe. Ya tashi ya nemi hularsa.

Da mai sayen keken ya iso da motar ɗaukar kaya, sai ya tarar da tsoho zaune daram a kan teburin keken, ƙafafu na reto, carbi a hannu.

Malam ya ce, "Kawu, don Allah a ɗan sauka, mutumin yana sauri."

"Tela, wace tasha ce ta ba da labarin nan?"

"Kawu, kowa ya ji."

"Ban tambayi wanda ya ji ba. Wace tasha?"

"Ai ɗan jarida ne, ba ka ji muryarsa ba?"

"Na ji. Ya ce 'labari da ɗumi-ɗuminsa' sau huɗu, bai faɗi sunansa ba, bai faɗi garin da yake ba. Kuma zakara na cara a bayansa. Shekarun da na yi a ɗakin watsa labarai, ban taɓa aiki da zakara ba."

Idi ya fashe da dariya har ya riƙe ƙofa. Malam bai yi dariya ba.

Kawu ya ce, "Hukumar zaɓe ba ta gama tattara sakamako ba. Mutumin da bai san ko ya ci ba, ba a rantsar da shi ba, ko minista ba shi da shi, shi ne zai ƙulla yarjejeniya da wata ƙasa cikin kwana biyu? Da wane alƙalami?"

Mai mota ya gaji, ya ce, "Yalla ya Hajj, gum!", wato Alhaji tashi. Kawu ya dubi agogo, ya gyara murya, ya soma yi masa bayani da Larabcin labarai, irin wanda ba ka ji sai a talabijin, tun daga yadda ake tattara ƙuri'u a mazaɓa. Bawan Allah ya tsaya baki buɗe, ya juya ya tambayi Malam ko tsohon lafiyarsa ƙalau, ya shiga motarsa ya tafi.

Kwana biyu Kawu yana gadin keken nan. Da shi ake buɗe shago, da shi ake rufewa, can nake kai masa abinci. In zai tafi masallaci sai ya cire ƙaramin kwarkwaron keken ya sa a aljihu. Malam ya daina gaishe shi, ni ma sai da ƙyar yake amsa mini. Na sha wuya a kwanakin nan, ba zan ɓoye ba.

Da aka sanar, ashe gwanin Malam ɗin ne ya ci, da 'yar tazara kaɗan. Shago ya kaure da sowa. Kawu ya sauko daga kan keken, ya miƙa wa Malam hannu ya ce, "Barka, Tela. Ƙarfe nawa jirgin zai tashi?" Mako ya wuce, wata ya wuce, ba jirgi ba shago. Wasu biyu a unguwar Ammariyya da suka riga suka sallama aikinsu, har yau in an tuna su sai an tausaya musu.

Da Malam ya sauka ba shi haƙuri, Kawu ya ce ya yafe, da sharaɗin a zauna a saurari cikakken sharhinsa a kan harkokin waje. Tun bayan la'asar har aka kira magariba Malam yana durƙushe, ba damar tari.

Bayan ya fita na ce, "Kawu, da bai sake gaishe ka ba fa?"

Wannan karon bai dubi agogo ba. Ya ce yana saurayi a rediyo an taɓa miƙo masa takardar sunayen alhazan da suka rasu, ya karanta bai bincika ba. Ɗaya daga ciki yana raye. Kwana uku ana karɓar gaisuwa a gidansa, mahaifiyarsa kuma ba ta ƙara tashi daga ciwon da ta kwanta ba. Ya ce, "Gara ya yi shekara ba ya gaishe ni, Uwani." Ban taɓa jin ya gaya wa kowa wannan ba.

Yanzu haka ina jin ƙarar keken daga nan, Malam yana ɗinkin kayan makarantar yara. Allah Ya jiƙan Kawu Garba, Ya yafe masa wancan kuskuren da ya ɗauka shi kaɗai tsawon shekaru, Ya haɗa shi da tsohuwar nan a Aljanna ta ce ta yafe. Amin.