Ƙyallen da Iya Ke Duba Mini

Jiya maƙwabciyata ta dawo daga kasuwar Mai'adua da sabulun salo. Ƙanshinsa kawai na ji, sai Iya, kakata, ta faɗo mini a rai. Shekara uku ke nan da rasuwarta.

Ni makauniya ce tun ina goye. Ranar da na fara al'ada, ina 'yar shekara goma sha uku, ban ma sani ba. Muna gidan suna a Daura, na miƙe, sai na ji dariya ƙasa-ƙasa a bayana. Iya ce ta yafa mini mayafinta, ta ja hannuna har gida.

"Ba ciwo ba ne, 'yar nan, girma ne," in ji ta. Ta koya mini naɗe ƙyalle. Muka wanke zanen da sabulun salo, yatsunta masu kaushi a kan nawa.

Abu ɗaya ne bai koyu ba: gane ɗaukewar jini, don wannan aikin ido ne. Duk wata nakan miƙa mata ƙyallen, ta ce, "Da saura," ko kuwa, "Je ki yi wanka, salla ta kama ki."

Yanzu kwanaki nake ƙirgawa, in yi wanka, in ta da salla cikin kokwanto. Gidan cike yake da mata, amma wa zan miƙa wa?

Iya, yadda kika rufa mini asiri, Allah Ya rufa miki naki, Ya haskaka kabarinki.