Akwatin da Ke Numfashi: Jinjina ga Malam Shu'aibu Mai Walda

Duk wanda ya saba bin hanyar Nasarawa Gwom da sassafe ya san shi, ko da bai san sunansa ba. Dattijo ne siriri, sanye da rigar sanyi mai ruwan ƙasa wadda tartsatsin walda ya huda ta ko'ina, yana tafe a ƙasa daga Anguwan Rogo, hannuwa a baya. In ya iso garejinsa ba ya fara taɓa ƙarfe. Sai ya share wurin tas, ya tsince guntayen ƙusa kada su shiga ƙafar wani, ya karɓo shayinsa a bakin titi, ya zauna yana harare-hararen aikin jiya kamar ba shi ya yi ba. Sannan ya yi bismillah ya ta da janareta. Wannan shi ne Malam Shu'aibu mai walda, wanda a ƙarshen wannan shekara ta 2007 zai ajiye gilashin walda, domin idanun sun ce sun gaji.

Aikinsa ba ƙofa da taga ba ne kamar na sauran masu walda. Shi mutumin akwatin tirela ne, irin ƙananan nan rufaffu da ake jonawa a bayan a-kori-kura. Masu saro dankalin turawa da kabeji da karas sukan sayo su tsofaffi su kawo masa. Wanda ya san wannan fatauci ya san wahalarsa. Za ka je ƙauyukan Bokkos ko Mangu, kaya ba su kammala ba, dole ka kwana, wani lokaci ka sake kwana. Ba masauki, kuma in ka bar buhunanka ka tafi neman wurin barci, to ka yi wa wasu sara. Don haka akwatin nan sai ya zama motar kaya da rana, ya zama ɗaki in rana ta faɗi. Malam Shu'aibu yakan shimfiɗa katako a ƙasa, ya liƙa zobban ƙarfe na ɗaure igiya, ya yi benci mai naɗewa jikin bango wanda ake saukewa ya zama gado. Bangon kuwa yakan bi shi da soso ya rufe da siririn katako, don ƙarfe tsirara a sanyin Filato ba abin jingina ba ne.

Amma abin da ya sa aka san shi, har ake masa dariya, wani abu ne dabam. Ba ya miƙa akwati ga mai shi sai ya kwanta a ciki. In an idar da azahar sai ya cire takalma ya shige, maƙwabcinsa Mahdi kafinta ya ja ƙofa ya rufe, shi kuma ya miƙe a kan bencin ya yi ƙailula har la'asar. In ya tashi garau, akwati ya yi. In ya tashi kansa da nauyi, mai akwati ko zai yi kuka sai ya jira.

"Mutumina, faɗi gaskiya," Mahdi yakan ce masa. "Barci kake so, ka fake da aiki."

"To kai ma shigo mana, wa ya hana ka?"

"A'a, ni matata ba ta kore ni daga gida ba."

Malam Shu'aibu yakan yi murmushi ya ƙyale shi, don Mahdi ya san dalili. A ƙuruciyarsa, yana karen mota, ya taɓa ganin an fito da mutum biyu daga bayan wata rufaffiyar mota da safe a wata kasuwa. Sanyi ya ishe su, sun shiga da kurfotin gawayi sun ja ƙofa. Ba wanda ya taɓa su, ba abin da aka sace, kurfotin ma da sauran ɗuminsa. Tun ranar ya ƙudure cewa duk akwatin da ya fita daga hannunsa sai yana da tagar iska. A kan wannan ba ya jin magiya.

Kai ne, Malam, wanda ka ba ran fatake daraja fiye da yadda su kansu suka ba shi. Da yawa sun yi fushi da kai a kan taga, sun kira ka mai taurin kai, kuma wallahi ba su yi ƙarya ba.

Wadda ta fi kowa gwada wannan taurin kai ita ce Cordelia, wadda ake kira Maman Amara. Mijinta Anene tsohon abokin cinikin Malam ne, mutumin da ko bayan rikicin da ya sa mutanen Jos suka fara zaɓar titin da za su bi, bai daina kawo aikinsa garejin ba. Da Anene ya rasu, Cordelia ta ɗaura ɗamara ta karɓi fataucin dankalin, ƙanenta Obum yana ja mata mota. Shekara biyu da suka wuce, ana gab da shiga sanyi, ta jawo wani akwati fari ta ajiye a bakin garejin.

"Baba, ka yi mini komai yadda ka yi wa oga mijina," ta ce. "Amma ba taga. Ko ƙarama."

"Maman Amara, kin san ba na yin haka."

"Ni mace ne, Baba. Obum yana kwana a gaban mota, ni kaɗai a baya. Ba na so ido ya gan ni, ba na so hannu ya shigo."

Ya yi mata bayanin gawayi, ya ba ta labarin mutum biyun nan. Ta saurara har ƙarshe cikin ladabi, sannan ta ce ita ba za ta shiga da wuta ba. Ya dubi ƙaramin kurfotin da ke ɗaure a bayan a-kori-kurarta. Ya san sanyin Bokkos, ya san alkawarin da mutum ke yi da rana ba shi ke aiki ba in haƙora suka fara kaɗawa.

"In ba za ka yi ba, ba faɗa," in ji ta. "Akwai mai walda a Dutse Uku, ya ce zai rufe mini ko'ina. Gobe Obum zai zo ya ja."

Nan fa Malam ya shiga uku. In ya yi mata yadda take so, ya ƙera mata kabari da hannunsa. In ya ƙi, wani zai ƙera, matar Anene za ta kwanta a ciki duk da haka. Ya koma gida da wuri, aka kawo abinci ya ture. Matarsa Ummusalma, wadda ta san shirunsa kala-kala, ta zauna ta tatsi labarin daga bakinsa.

"Malam, kai dai ka ji an ce ba taga, ka hau dokin zuciya," ta ce. "Matar nan ta ce maka ba ta son iska?"

"Ta ce ba ta son taga."

"Ta ce ido, ta ce hannu. Kai namiji ne, ba ka taɓa kwana a baƙon wuri kana sauraren takun mutane ba. Tsoronta gaskiya ne, naka ma gaskiya ne. Nemo hanyar da iska za ta bi, ido ya kasa."

Shi da ya shekara talatin da wani abu yana yanka taga, bai taɓa tambayar kansa ko dole sai taga ba.

Washegari da Obum ya zo jan akwatin, ya tarar da dattijon kwance a ƙarƙashinsa. Malam ya roƙi kwana kaɗan, Cordelia ta ba shi don darajar mijinta. Ya sami bututun ƙarfe ya lanƙwasa shi kamar gwiwar hannu, ya huda ƙasan akwatin ta ƙarƙashin benci ya liƙa, bakin yana kallon ƙasa, da raga a kai saboda ɓera da maciji. Ya yi wani a can saman bangon gaba, ya yi masa hula ta ƙarfe daga waje kada ruwan sama ya shiga, daga ciki kuma ya rufe shi da faranti mai ƙananan huji. Iska za ta shigo ta ƙasa ta fita ta sama. Ya sa sakata mai kauri wadda sai daga ciki ake buɗe ta. A waje kuma, jikin ƙofa, ya liƙa wani ɗan maratayi, ya ce nan ne gidan kurfoti, nan zai riƙa kwana.

Ranar gwaji mutane sun sha kallo. Malam ya shige, ya sa sakata, ya ce da Cordelia daga ciki ta nemo shi. Ta zagaya akwatin, ta durƙusa ta leƙa, ta haska tocila, Obum ya zura sanda a bakin bututu, raga ta tare ta. Ba su ga ko farar hularsa ba. Can sai suka ji minshari.

"Kin ji ko?" in ji Mahdi. "Akwatinki ya ci jarrabawa. Sai dai ki jira la'asar, ba ya fitowa kafin nan."

Cordelia ta yi dariya har da riƙe ciki, ta karɓi akwatinta. Ummusalma ta aiko mata da tsohon bargo da shawarar ta riƙa cika jarka da ruwan zafi tana sawa a ƙafa.

Wata biyu bayan nan, da hantsi, a-kori-kurar ta tsaya a bakin garejin. Cordelia ta sauko a hankali, fuskarta duk ta faɗa, Obum na riƙe da hannunta. A ɗaya hannun kurfoti ne. Ta zo ta dire shi a gaban Malam Shu'aibu, ta durƙusa.

Obum ne ya ba da labari. A wani ƙauye bayan Bokkos suka kwana biyu suna jiran kaya, sanyi kuwa irin wanda ruwa ke cizo. Ruwan jarka ya huce. Ta shigo da kurfotin, wai na ɗan lokaci, ta ji iska na busowa ta ƙarƙashin benci ta cusa tsumma ta toshe. Bututun saman ma ta taɓa, faranti ya hana tsumma shiga, ta ƙyale shi. Da gari ya waye Obum ya buga ƙofa, shiru. Ya buga, ya kira, ya sake bugawa, har masu lodi suka taru ana neman abin ɓalle ƙofa. Sai suka ji sakata tana motsi. Ta faɗo hannunsu tana amai, ƙafafu ba sa ɗaukarta, kai kamar zai tsage. A ɗakin shan magani na garin aka ce musu da babu inda hayaƙin ke fita, da sai dai a yi wani zancen.

"Baba, na yi maka ƙarya," ta ce. "Na ce ba zan shiga da wuta ba."

Duk wanda ke wurin ya zaci zai ce ai na faɗa miki. Bai ce ba. Benci ya nema ya zauna.

"Tashi, Maman Amara. Allah ne ya tsare, mu gode masa." Sannan ya ce, "Na ƙasan da kika toshe, yaya aka yi tsumma ya shiga?"

Abin da ya dame shi ke nan. A ranar ya sa wa bututun ƙasan faranti irin na sama. Bai tsaya nan ba. Ya tuna duk tagogin da ya yi a baya masu murfi ne, kuma wanda sanyi ya kama zai ja murfi. Watanni ya yi yana bin kasuwar Farin Gada da tashoshin lodi, yana cigiyar akwatunan da suka fita daga hannunsa, yana roƙon masu su su kawo a ƙara musu bututu. Wasu suka kawo, wasu suka ce tsohon ya fara ruɗewa. Wanda ya ƙi kawowa, Malam ya bi shi har gida da kayan aiki. Bai karɓi komai a hannun kowa ba.

Kai ne, Malam, aka zo yi maka godiya ka tashi da neman inda aikinka ya gaza. Kai ne ka saurari matarka, ka gane tsoron mace ba shirme ba ne. Mai kwanciya kafin mai ɗaki ya kwanta, fatake nawa ne suka tashi da safe suka ɗaure buhunansu suka wuce, ba su san akwai hannunka a tashin nan ba?

A makon jiya aka fara kwashe kayan garejin. Janareta da injin walda ya bar wa wani tsohon almajirin sana'arsa da ya buɗe nasa wurin, da sharaɗin bututu da ƙailula. Sauran tarkacen da zai kai gida, Cordelia ta ce ba motar da za ta ɗauka sai tata. Ta zo da Obum da farin akwatin, wanda yanzu ya sha hanya har fentin ya koɗe. Kurfotin nan ma aka ɗauko shi daga kan kantar garejin inda ya zauna tun ranar, Malam ya ce da shi za a tafi.

Kafin a fara lodi ya ce a dakata. Ya lalubi ƙofar akwatin ya hau, ya ce Mahdi ya rufe. Idanunsa ba sa ganin hujin farantin yanzu, don haka ya miƙa tafin hannu sama ya riƙe a wurin, ya daɗe. Sannan ya durƙusa ya sa hannu a ƙarƙashin benci. Ya zaro wata saƙar gizo-gizo da ta taru a bakin farantin, ya hure yatsunsa, ya mayar da hannun.

"Yana numfashi," ya ce daga ciki. "Ku buɗe, a yi lodi."

Cordelia ta juya baya tana goge ido da bakin zanenta.

Mun gode, Malam Shu'aibu. Allah ya ba idanun nan sauƙi, ya saka wa Ummusalma da alheri, ya sa hutun ya yi albarka. Ku kuma masu walda da kafintoci da magina na garin nan, da duk mai ƙera abin da ɗan wani zai shiga ya ja ƙofa, ga abin koyi a Anguwan Rogo, ku je ku gaishe shi tun yana iya ba ku labari. Kafin ku ce wa mai kaya an gama, ku cire takalma ku shiga, ku ce a rufe.