Jarka a Saman Mota

Uwar Tsaki a tsaye take cin abinci, makullin mota a ɗaya hannun. Shekara tara ke nan tana ɗauko 'yan tsaki 'yan kwana ɗaya daga kamfanin ƙyanƙyasa, tana raba wa masu kiwo a garuruwan bayan tsauni. Ba ta taɓa ɗaukar direba ba, wai duk barci suke a kan sitiyari.

Kamfanin ba ya sallamar kaya sai an gama allurar rigakafi, wajen sha biyu. Don haka kullum da tsakar rana take isa babban hawan nan mai kilomita shida. Motar tsohuwa ce mai turbo. Da sanyin safiya kamar ta tashi sama, amma in rana ta take, tana fara hawa sai ƙarfinta ya mutu. In kuwa mota ta koma rarrafe, iska ta daina shiga ta taga, tsaki su fara haki a cikin kwali. Ran Talatar da ta wuce, arba'in da ɗaya ta zubar.

Yayanta bakanike ne. Ya buɗe bonet ya nuna mata wani abu mai kama da ƙaramin lagireto a gaba.

"Wannan shi ne intakula. Shi ke sanyaya iskar da turbo ke tura wa inji. In ya ɗau zafi, injin ya zama rago. Auta, ki sayar da akwalar nan ki huta."

"In an jiƙa shi fa?"

"Ki ɗaura mutum a bamba da bokiti ke nan?"

Ta wuce gida. Ɗakin kajinta akwai kawunan feshi masu fitar da ruwa kamar raɓa lokacin zafi. Ta kwance biyu. Ta sayo famfon ruwan wanke gilashin mota a wajen 'yan gwangwan, da siririn tiyo, da makunni. Kwana uku tana shiga ƙarƙashin mota tana fita, ta yanke a yatsa sau biyu, ta ƙone fis huɗu. Ta ɗaure kawunan suna kallon intakula. Jarkar ruwa kuwa ta ɗora ta a saman mota ta tamke da igiya, don a kiwon kaji haka ake yi: tanki a sama, mazubin sha a ƙasa.

Ranar gwaji yayan ya shiga gaba ya zauna.

"Zuwa na yi in ga ƙarshen wasan."

Kwali goma a baya, tsaki ɗari biyar suna ciyo-ciyo. Tana tuƙi tana waiwaye, tana buga sitiyari da zobe. A gindin hawa ta danna makunni. Famfo ya yi kuka, kuka irin na wofi.

Ta taka burki ta fita da gudu. Jarka ba ko ɗigo. A bayansu, siririn layin jiƙa ya bi kwalta har inda ido ya ƙare.

Yayan ya dafa bonet yana dariya har da tari.

"Auta! Kaza kika mayar da motar? Ruwa in yana sama ai ba ya jiran izinin famfo. Tun daga ƙofar kamfani kike ba titi ruwa!"

"Yaya, ka yi dariyarka a gida. Ji kukan tsakin nan ya canza."

Ya kasa kunne. Ya daina dariya.

Tana da galan ɗin ruwan da take ba tsaki in an sauke su. Ta sauko da jarkar, ta juye shi ciki, ta dangwarar da ita a ƙasa tsakanin ƙafafunsa. Ya zaro tiyon ya gyara masa hanya ta taga, yana mita.

"Kar ki riƙe makunnin. Danna, ƙirga biyar, saki."

"Kai ka danna, ni hannuna biyu ne."

Suka kama hawa. Yana dannawa yana ƙirgawa da ƙarfi, ruwa na fantsalo masa a wando duk lokacin da suka faɗa rami. A kwanar da ta saba komawa giya ɗaya, motar ta riƙe giya uku. Iska ta ci gaba da ratsa tagogi.

"Ƙara!"

"Ruwan ya kusa rabi, Hajiyar gaggawa!"

"Na ce ƙara!"

A saman tsauni ta tsaya ƙarƙashin bishiya, ta buɗe kwalayen ɗaya bayan ɗaya, tana zura hannu cikin ɗumin gashinsu tana motsa na kusurwa. Yayan ya tsaya yana matse ƙafar wando.

A kwali na takwas ta zaro biyu da suka sandare. Na tara da na goma lafiya lau.

"Biyu," ta ce.

"Waɗannan da ciwonsu suka fito," in ji shi. "Gobe ki kawo motar gareji in kafa wa jarkar mazauni a but, can baya. Ba zan ƙare rayuwata ina rungume da ita ba."

"Goben ina da ɗari bakwai. Yau za ka yi shi, in mun dawo. Shiga mu tafi, mutane na jira."