Tsakuwar da na share a kabarin mai gyaran agogo

Mun tashi da asuba daga unguwarmu Hajj Yusuf da ke gefen Khartum, ni da yayata mai sayar da shayi, a raksha, wato babur mai ƙafa uku, har bakin titi, daga nan muka hau ƙaramar bas zuwa kasuwar Suk al-Arabi. Can baƙuwarmu take jiranmu. Baturiya ce 'yar ƙasar Foland, cikin masu haƙar kayan tarihi a arewacin Sudan, kuma ni nake gyara musu mota a garejinmu na Mantiƙa Sinaiya, unguwar masana'antu. Larabcinta irin na ƙauye ne, in ta buɗe baki sai 'yan kasuwa su juyo suna neman tsohuwar da ta yi magana.

Kabari ta zo nema. Lokacin da Jamusawa suka mamaye ƙasarsu suna farautar Yahudawa, gidan su kakarta sun ɓoye wani saurayi Bayahude a ramin ajiye dankali. Duk gidan da aka kama da irin wannan baƙo, kashe su ake yi har yara. Kakar tana ƙarama a lokacin, ita ke kai masa abinci a ƙasan bokitin dusa. Bayan yaƙi ya bi duniya har ya zo Sudan yana gyaran agogo, yana aiko musu da wasiƙa, sai wata shekara wasiƙu suka tsaya. Yanzu kakar ta haura casa'in, tana kwance, kuma abu ɗaya take tambaya: shin ya mutu cikin mutane, ko shi kaɗai? Washegari jirgin jikar zai tashi.

Muka karya da ful, dafaffen waken nan, an zuba masa man riɗi har ya yi iyo. Mai abincin ya ga farar fata ya ɗaga farashi, yayata ta kalle shi sau ɗaya ya sauko da kansa. Daga nan muka haye gada zuwa Umdurman, motoci sun cushe, ruwan Nilu na tafiyarsa a ƙasa ya fi mu sauri.

A kasuwar Umdurman mun sha yawo. Masu zinare suka tura mu wurin masu turare, masu turare suka tura mu wurin masu takalmi, kowa sai ya ɗura mana kofi kafin ya ce bai sani ba. Na fara ƙosawa. Yayata kuwa ta bar maza ta bi 'yan uwanta masu shayi, kuma kafin azahar suka kai mu ƙofar wani dattijo a wani lungu. Ashe namu ne, kakanninsa daga Katsina suka taso da niyyar Makka.

Baƙuwar ta miƙa masa wata tsohuwar wasiƙar mai gyaran agogon, ya riƙe ambulan ɗin kusa da idonsa ya daɗe. "Maigidana ne," ya ce. "Shi ya koya mini sana'a. Ku ɗauko mini sandata."

Abin kunyar, maƙabartar Yahudawan tana Khartum, kusa da inda nake aiki. Shekaru ina wuce katangarta ban taɓa tambayar ko ta mece ce ba. Muka sake haye gada, muka shiga maƙabartar rana na dukan ka, ga ledoji, ga fasassun duwatsu. Dattijon ya nuna kabarin da sanda tun daga nesa. Ni kuma sarkin rawar kai, na ce ba za a bar baƙuwa ta ga ƙazanta ba. Na riga su isa, na kwashe ledojin, na sa hannu na share tarin tsakuwar da ke kan dutsen ƙal.

"Kai, ya waladi, ɗana! Me ka yi?" in ji dattijon.

"Baba, shara na yi."

"Shara? Shekarata nawa ina tara su! Su ba fure suke kawo wa mamaci ba, tsakuwa suke ɗorawa, a san an zo."

Wallahi na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na durƙusa ina tsince su ɗaya bayan ɗaya, yayata na taya ni tana yi mini dariya. Baƙuwar ta ciro ƙaramin dutse daga jakarta, na tsakar gidan kakarta, ta ɗora a kai. Sai ta kira gida a waya ta haska wa tsohuwar kabarin, ta haska mata dattijon. Ban ji yarensu ba, amma na ga tsohuwar ta rufe fuska da hannu. Jikar ta ce tana tambaya ne ko da wani a wurinsa ranar da ya cika.

"Ki ce mata a hannuna," in ji dattijon.

Muka mayar da shi gida, muka rabu da baƙuwar a Suk al-Arabi, muka iso Hajj Yusuf ana kiran magariba, na gaji liƙis amma raina fes. A hanya na yi ta tambayar kaina: da ni ne, zan iya sa 'ya'yana a bakin mutuwa saboda baƙon da ba addininmu ɗaya ba? Gaskiya ban sani ba. Abin da na koya dai shi ne in riƙa tambaya kafin in share abin mutane. Dattijon ƙafa ta fara gaza masa, shi ya sa na yi masa alkawari duk Juma'a in an tashi daga gareji zan leƙa kabarin in ɗora tasa tsakuwar.