Waƙar da Na Koya Daga Dama

Ɗazu jikana ya miƙo min waya, wai in ga yadda ake koyon jitar bes, mai tsirkiya huɗu: layi huɗu, lambobi a kai. Na ce, yaro, na riga ubanka sanin wannan.

A unguwar Jarwal muke, nan Makka, alif ɗari tara da sittin da wani abu. Kawu Sale ya zo daga Sudan da irin jitar nan da takardar wata waƙar rok ta Turawa. Kowane layi tsirkiya ce, lamba kuma wurin ɗora yatsa. Ya ce in na iya waƙar kafin ya dawo daga Jidda, jitar tawa ce.

Na duƙufa har yatsuna suka yi kanta. Da ya dawo, na kaɗa masa ba gargada. Ya dube ni, ya ce:

"Ya walad, kai yaro, ta ina ka fara karantawa?"

"Ta dama mana, Kawu, kamar allo."

Ya yi dariya har da hawaye. "Wallahi daga ƙarshe ka kaɗo ta zuwa farko, kuma ba ka tsallake ko ɗaya ba. Ɗauki jitarka."

Har gobe tawa ta fi daɗi. Ku fa, wane kuskure ne ya taɓa yi muku rana?