Sha Takwas a Dutsen Lemuel

Lemuel Prather bai taɓa isa wuri a kan lokaci ba. Ranar aurensa a Kentucky sai da fasto ya ci abincin rana har ya ɗan kishingiɗa, sannan ango ya ɓullo yana jan alfadarin da ya ƙi tafiya. Amarya Keziah ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Da ma ka bari sai gobe, ai ka fi hutawa." Shekara hamsin da biyar suka yi tare, tana jiransa a bakin ƙofa.

An haife shi a 1806. Mutum ne da ba ya son jin hayaniyar maƙwabta, da ya hangi hayaƙin wani gida kusa da nasa sai ya ɗaure kaya a keken shanu ya ƙara nausawa yamma. Indiana, Illinois, Iowa, ko'ina sun bar rijiya da kabarin ɗa ɗaya ko biyu. Cikin 'ya'ya goma sha ɗaya, bakwai suka girma. Yana da shekara sittin da biyar suka sauka Kansas, a filin da gwamnati ta kori masu shi ta raba wa baƙi. Ko nan ma a makare ya zo, an riga an kwashe gonakin bakin kogi, shi ya samu mai duwatsu.

Duwatsun suka rufa masa asiri. Ƙasar ba ta da itace, sai ya koyi fasa dutse yana yin ginshiƙan shinge yana sayarwa. Shekarar da fara ta cinye masara har da labulen taga, gidansa ne kaɗai bai ji jiki sosai ba, don fara ba ta cin dutse.

Da Keziah ta rasu a kakar 1884, da hannunsa ya sassaƙa dutsen kan kabari ɗaya mai faɗi na su biyu. Hagu sunanta da shekarunta, dama nasa. Don ya rage wa na baya aiki, ya rubuta "Ya rasu 18", ya bar gurbin lamba biyu.

Sai ga shi an shiga 1900, Lemuel na zaune a baranda yana cin gurasar masara da madara.

'Yarsa Orpha, wadda yake zaune a gidanta, ita kanta ta haura sittin, ta ce, "Baba, dutsenku fa ya zama abin dariya a coci. An ce ko mutuwar ma ka makara."

"Su wa suka ce?"

"Kowa. Na yi magana da mai sassaƙa na gari, zai kawo farin dutse sabo, a cire wancan."

Lemuel ya ajiye cokali. Sunan Keziah da ke jikin tsohon dutsen, kwana tara ya yi yana fitar da shi harafi harafi, lokacin idonsa na gani sosai. Ya san yanzu ba zai iya sake yin irinsa ba.

"Ke Orpha, wanda ya taɓa dutsen nan, shi za a fara sawa a ƙarƙashinsa."

"To mai da takwas ta koma tara mu gani. Ranar Litinin mutumin zai zo."

Kwana biyu yana zagaya takwas ɗin nan a ransa. In ya goge ta, rami zai bari. In ya cike da siminti, sanyin shekara ɗaya zai tsige shi. Ranar Lahadi, jama'a na cikin coci suna waƙa, suka riƙa jin ƙwas, ƙwas daga maƙabarta. Da aka tashi aka tarar da tsoho a durƙushe da guduma da ƙarfen sassaƙa, gemu duk farar ƙura. Bai taɓa lambar ba, kalmomi ya ƙara kusa da ita. Rubutun ya koma cewa ya rasu shekara 18 bayan matarsa.

Orpha ta ƙirga da yatsu. "Baba, wannan ai 1902 ke nan. Saura shekara biyu. In ka wuce fa?"

"Sai ki kira mutumin naki."

"In kuma ba ka kai ba?"

"Yaushe kika taɓa ganin na riga lokaci? Kama ni in tashi, gwiwar nan ta ƙi."

Aka sallami mai farin dutse. Lemuel ya ci gaba da zamansa a baranda, jikoki da tattaɓa-kunne sama da sittin suna zuwa gaishe shi, kowa ya fita sai ya leƙa kalandar bango a sace. Shi kuwa ko a jikinsa. Ya shuka tuffa, ya yi faɗa da fasto a kan tsawon wa'azi, ya koya wa mijin Orpha gyaran shinge, abin da mutumin ya shekara arba'in yana yi.

A watan Oktoban 1902, bayan an gama shigar da masara, ya kwanta barcin rana bai tashi ba. Shekararsa casa'in da shida. Da aka gama binne shi, Orpha ta tsaya ta shafa rubutun da tafin hannu, ta juya wajen ɓangaren hagu.

"To Mama, ga shi nan. Yau dai bai sa ki jira ba."